Gidan Makama Ɗakin Gwaje-Gwaje Ne Ga Ɗaliban Kimiyya

A birnin Fulorans na ƙasar Italiya akwai wani gini da aka aza harsashinsa a shekarar 1299, ana kiransa Palazzo Vecchio. A 1540 basarake Cosimo na gidan Medici ya mayar da shi gidan zamansa. Yau kuwa magajin garin birnin yana da ofis a ciki, baƙi kuma na kai da kawowa cikin zaurukansa. Abin da ya raya ginin shi ne ba a taɓa rufe shi aka bar wa jemagu ba.

Ɗalibin Kwaciri ba ya bukatar jirgin sama kafin ya ga irin wannan. Daga Fagge zuwa cikin Birni tafiya ce 'yar kaɗan, ga Gidan Makama nan daura da Gidan Rumfa. Masana tarihi suna danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, daga bisani aka mayar da wani sashe makaranta, wani kuma gidan adana kayan tarihi.

Kuskuren da makarantu ke yi shi ne, in ma an kai ziyara, malamin tarihi kaɗai ke jagorantar yara. A kalli sulke da bindigogi, a ɗauki hoto, a koma gida. Alhali kuwa malamin kimiyya ya fi kowa aiki a wurin. Me ya sa soro ke da sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da aji mai rufin kwano ke gasa mutane? Katangar tubali mai kauri tana shan zafi a hankali, kafin ya ratsa ta zuwa ciki rana ta faɗi. Da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a waje ɗaya a zaure, ɗalibai za su tabbatar da wannan da kansu.

Sai su ɗaga kai su dubi rufi. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma in ta yi tsawo sai ta lanƙwasa. Don haka magina suka riƙa jera gajerun azara bisa juna cikin laka, suna tayar da bakan gizo mai sauke nauyin rufi kan katanga. Makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa kuwa ita ke kare yaɓe daga ruwan sama.

Ginin ƙasa ba ya jure sakaci, damina biyu ko uku ba gyara sai ya fara zaizayewa. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, badala kuma ta shafe a wurare da dama. Maginan da suka san ɗaurin guga suna ta tsufa, almajiransu kuwa bulo da siminti suka koma.