Mai Tambaya A Ikilisiya Ba Ɗan Tawaye Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a majami'unmu, daga Zuru zuwa Birnin Kebbi, har ƙananan ikilisiyoyin ƙasar Gwandu da Kalgo, wajen su Diggi: wai Kirista na gari shi ne wanda ba ya tambaya. Fasto ya faɗa, dattawa sun amince, kai naka amin ne. Ranar da ka ɗaga hannu ka ce, "Baba Fasto, a wace aya aka rubuta wannan?" ranar ka zama mai girman kai, boko ya lalata ka, ko ka karanta littattafan da suka fi ƙarfinka. Ni na ce wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana cin ikilisiya ta ciki ba mu sani ba.

Don me aka sha wahalar fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa? Likita Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna Zariya, shi da Hausawan da suka taya shi da sauran masu fassara suka kwashe shekaru suna aiki kafin cikakken littafin ya fito a 1932. A 1979 aka sake fitar da wata fassarar da ta fi sauƙin ganewa. In da fasto kaɗai ake nufi, ai da an koya masa Turanci an huta. An yi wannan aiki ne don manomin shinkafa a fadamar Kalgo da matar da ke suyar ƙosai su buɗe da hannunsu, su karanta da idonsu, su auna abin da aka faɗa musu ran Lahadi. Wanda ya ba ka littafin da harshenka ya riga ya ba ka izinin bincike.

Littafin kansa ma haka ya koyar. A Ayyukan Manzanni sura 17, mutanen Biriya sun saurari manzo Bulus, sannan suka riƙa duba Nassi kullum don su tabbatar ko abin da ya faɗa haka yake. Ba a tsawata musu ba, yabonsu aka yi. A Galatiyawa sura 2, Bulus ya tsaya gaban Bitrus a Antakiya ya nuna masa kuskurensa a bainar jama'a, Bitrus ɗin da ya ci abinci akushi ɗaya da Yesu. A Markus sura 7 kuwa, Ubangiji da kansa ya tuhumi malaman zamaninsa don sun ƙirƙiro al'adar da ke ba mutum damar hana iyayensa taimako da sunan ya keɓe dukiyar ga Allah. In an bincika Bulus, an gyara Bitrus, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin tambaya?

Na san ayar da ake jefa wa mai tambaya: Zabura 105, aya 15, wadda ta hana taɓa shafaffun Allah. Don Allah a karanta zaburar tun daga farko. Labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu take bayarwa, lokacin da suke ƴan kaɗan, baƙi suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Aya ce da ke kare marar ƙarfi daga mai iko. Mu kuma mun juya ta, mun mai da ita garkuwar mai iko daga tambayar marar ƙarfi.

Bari in taɓo inda ya fi yi mini ciwo, wato aure. Saurayi ya nemi yarinya, iyaye sun zauna, an ba da sadaki, shaidu sun shaida. Amma sai a ce ba a yi aure ba tukuna, sai an yi na coci: farar riga mai jan ƙasa, kwat, zobe, kek, ƴan matan amarya cikin anko, hayar rumfa da kujeru da janareta. Yaron da buhun gero goma ne duk abin da ya noma a shekara, ina zai samo wannan? Sai ya sayar da akuyoyin uwarsa, ko ya ci bashin da zai biya har an yaye ɗan fari, ko a yi ta ɗaga ranar har su faɗa cikin abin da ake gudu. Waɗanda suka tare ba tare da bikin ba kuma, a wasu majami'u a hana su Jibin Ubangiji shekara da shekaru, da ƴaƴansu a gefe, kamar ba ma'aurata ba. To a nuna mini farar riga a Littafi. Babu. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta sa ta a bikinta a 1840, Turawa suka ɗauka, masu mishan suka zo mana da ita. Albarkar ikilisiya a kan aure abu ne mai kyau, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma fasto na iya sa wannan albarka bayan sujada, cikin minti goma, amarya da atamfarta, ango da ƴar shararsa, ba wanda ya ci bashi.

Sai horo. Yarinya ta yi ciki, a kira sunanta a gaban taro, a mai da ita bencin baya, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa. Ta zauna can wata shida kai a sunkuye, mata na wucewa ba mai gaishe ta. Wanda ya yi mata cikin fa? Sau da yawa ya tafi ci-rani, ko kuwa ɗan wani babba ne, maganar ta mutu a ofishin fasto. Kuma ban da irin wannan zunubi, yaushe aka taɓa sa mai hali a bencin baya don ya cinye gonar marayu ko ya hana lebura haƙƙinsa? Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi magana ɓaro-ɓaro a kan ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar talaka a tsaye. Horo yana cikin Littafi, amma manufarsa maido da wanda ya faɗi ne, kuma bai san ɗan wane ba.

Zakka ma haka. Kowa ya haddace Malakai 3:10. Mutum nawa aka taɓa karanta wa Maimaitawar Shari'a sura 14, inda aka ce zakkar shekara ta uku a tara ta a gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi? Gwauruwar da ake duba katin zakkarta kafin a yarda a yi mata hidima, a Littafi tana cikin masu karɓa.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce: mu ƴan kaɗan ne a wannan yanki, in muka fara jayayya a junanmu bango zai tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Ban raina wannan tsoro ba, domin na san abin da ake nufi da zama tsiraru. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma a duba inda muke zaune. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, ƙanen Shehu Usmanu wanda ya rubuta littafi sukutum a kan raya sunna da kashe bidi'a. Maƙwabtanmu Musulmi sun gaji al'adar tambayar malami ina hujjarsa. Ɗanka zai zauna da ƴaƴansu a aji, a kasuwa, a jami'ar tarayya da ke nan Kalgo. Za su tambaye shi dalilin abin da ya gaskata, da ladabi ko da zafi. Yaron da aka hana tambaya a coci, me zai ce? "Haka fastonmu ya faɗa"? Shirun da muka ɗora masa shi ne ya bar shi ba makami.

Saboda haka a yi karatu. Littafi Mai Tsarki da fari, ba aya guda-guda ba: a ɗauki Markus ko Galatiyawa a karanta daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. Bayan shi, akwai Africa Bible Commentary, sharhin dukan Littafi da malaman Afirka saba'in suka rubuta ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo, ya fito a 2006, an kuma fassara shi da Hausa. Kowace ikilisiya ta cancanci kwafi ɗaya da ba a kulle a akwatin fasto ba. Ga African Christian Ethics na Samuel Waje Kunhiyop, wanda ya taɓa zama babban sakataren ikilisiyar ECWA. Ya fito a 2008, ya tunkari aure da maita da cin hanci da talauci, abubuwan da muke fama da su a gida.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi. A 1975 ya fitar da Theological Pitfalls in Africa, inda ya ƙalubalanci manyan malamai irin su John Mbiti da Bolaji Idowu, yana auna koyarwarsu da Nassi. A watan Disamba na shekarar ya rasu a ruwa a Mombasa, yana da shekara 39. Daga baya Kwame Bediako na Gana ya zo ya ce Kato ya tsananta wa al'adun Afirka fiye da kima. A karanta su duka biyun, a auna su duka biyun. Ba wanda ya zama ɗan tawaye a cikinsu. Su kuwa ƴan ƙananan littattafan nan na tasha, masu alkawarin arziki cikin kwana bakwai da addu'ar kashe maƙiyi, a ɗora su a ma'auni ɗaya a ga ko za su tsaya gaban Matiyu sura 5.

Ba cewa nake kowace al'ada a watsar ba. Zumuntar Mata, godiyar kaka, makarantar Lahadi, babu ayar da ta kafa su da suna, amma suna gina jama'a, a riƙe su da kyau. Abin da na ƙi shi ne a ɗaura wa mutane al'ada a wuya da sunan umarnin Allah, sannan a hukunta wanda ya nemi a nuna masa wurin.

Iyayenmu fastoci da dattawa, ku keɓe sa'a guda a mako, ko da yammacin Laraba ne, a zauna da Littafi a buɗe, kowa ya kawo tambayarsa, mace da namiji, babba da yaro. Abin da kuka sani ku nuna ayar. Abin da al'ada ce kawai ku ce al'ada ce. Ku kuma matasa, ku karanta surar gaba ɗaya kafin ku buɗe baki, ku gaishe da na gaba yadda aka koya muku a gida, sannan ku yi tambayarku.