Bindigar Araha Ba Ta Tsare Gida

Edita, ka ba ni fili in ja kunnen 'yan'uwana manoman Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Ta'asar ɓarayin daji, irin sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020, ta sa wasunmu sayar da masararsu su sayi ƙaramar bindiga ƙirar maƙera. Jama'a, araha ba ta ado. Wata da bututun ruwa aka yi ta, tana ɗaukar zafi sai ta fashe a hannun mai ita. Da damina albarushi ya sha sanyi ta ƙi tashi, ga ɓarawo riƙe da AK-47. Gara mu ba askarawan da Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa a 2023 haɗin kai, gwamnati kuma ta ƙaro mana su.

Naku, wani manomi daga 'Yankara.