Wasiƙa Daga Zurmi: Tsohon Batirin Waya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan filin nan da ka saba ba ni, yau maganata a kan tsohon batirin wayar hannu take.

A nan Zurmi, har Ƙaura Namoda da Shinkafi, wutar lantarki baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Saboda haka samarinmu suka koyi dabara, in waya ta mutu sai su cire batirinta su ɗaura wa tocila ko ƙaramar rediyo. Ni ban ga aibun wannan ba, tattali ne. Akwai ma rediyoyin da ake kawowa daga Sin waɗanda da ma an ƙera su don batirin Nokia mai lamba BL-5C. Wanda ya sa musu shi bai yi ganganci ba.

Gangancin yana wurin masu haɗe-haɗe. Batirin nan ƙarfinsa bolt 3.7 ne, in ya ƙoshi ya kai 4.2. In aka ɗura masa fiye da haka sai ya ɗau zafi, ya kumbura, wata rana ya kama da wuta. A bisa kansa akwai wani ɗan allo, shi ne mai gadinsa, shi ke yanke wuta in ta isa. To, sai yaro ya ɓamɓare allon nan, ya jona batirin kai tsaye da farantin sola ko batirin babur mai bolt 12, ya ja tabarma ya kwanta a ɗakin ciyawa, cikin zafin bazara! Jama'a, ku tuna a 2016 kamfanin Samsung, duk da ƙwararrunsa, sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa don batirinta na kamawa da wuta. Ina ga mai wuƙa da guntun salatif?

Ina roƙon malaman makaranta da na zaure su faɗa wa yaransu, a bar allon nan wurinsa, a yi caji da na'urar da aka yi dominsa, da rana, a inuwa, a kan ƙasa, mutum na kusa. Kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsaba. Wanda ya daɗe a yashe ba ko ɗigon wuta, kamar na wayoyin da aka jingine sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara cikin Satumba 2021, a kai wa mai gyara ya auna tukuna.

Amma wanda ya kumbura, kwanansa ya ƙare, kada a huda shi wai don a fitar da iska. A binne shi cikin gwangwanin yashi nesa da danni, kada a kai shi juji inda ake cinna wuta yara na kiwon kallo.

Haza wasalam.

Naka,
Mai-Lura, Zurmi