Finafinan Fatalwa da Tsafi: Wa Suke Koya Mana Mu Ji Tsoro?



Tun da aka fara yanko gutsattsarin tsofaffin finafinan tsafi ana watsawa a TikTok da WhatsApp, musu ya ƙi ƙarewa tsakanin 'yan wannan ƙungiya tamu, daga teburin mai shayi a Kubwa har rumfunan kasuwar Dei-Dei. Wanda ya fi jawo taƙaddama shi ne Living in Bondage, fim ɗin harshen Ibo da ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyinsa a 1992, aka ɗauke shi da kyamarar bidiyo da kuɗi kaɗan, aka sayar da shi a kaset. Labarin Andy ne, wanda talauci ya ishe shi, ya shiga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit don ya yi arziki. Kuɗin sun zo, amma fatalwar matar ta hana shi sakat har ya haukace. Masana da yawa daga wannan fim suke fara lissafin tarihin Nollywood.

Mun saurari 'yan uwa, mun ga ra'ayi ya kasu uku. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai muna ganin dukkansu sun tsallake tambayar da ta fi shafar zamanmu a nan Abuja.

Kashi na farko masu dariya ne, galibi matasa. Suna cewa wannan ai wasan yara ne: fatalwa da farin ƙyalle, fuska an shafe da hoda, jini kamar ruwan zoɓo, sauti kuma kamar daga cikin rijiya. To, raina kama ka ga gayya. Duk duniya babu nau'in fim da ya fi jure rashin kuɗi irin na tsoro. A Amurka, Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da kimanin dala 15,000, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 190 bayan an sake shi a sinimomi a 2009. The Blair Witch Project na 1999 ma haka, kuma har aka gama shi ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. A nan gida, C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014 kusan hannu rabbana, ya ci kyautar fim ɗin Nijeriya mafi kyau a bikin AFRIFF na shekarar. Shi ne kuma ya kai Mami Wata bikin Sundance a 2023.

Dalilin a fili yake. Tsoro a zuciyar mai kallo yake, mai fim tsokano shi kawai yake yi. Kakanninmu ba su da kyamara, amma idan suka kawo Dodo cikin tatsuniya bayan an kashe aci-balbal, yaro ba ya iya fita fitsari shi kaɗai. Ƙarar ƙofa da inuwa a bango sun fi kowace kwalliyar kwamfuta aiki. Wanda yake auna fim ɗin tsoro da tsadarsa ya ɗauki mudun da ba na hatsin ba.

Kashi na biyu su ne iyayenmu da malamanmu, masu cewa irin wannan kallo yana raunana imani, yana kusantar da mutum ga shirka. Wannan magana ba ta wasa ba ce. Mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu, kuma an hore mu da neman tsari daga sharrin masu sihiri. Amma nuna mugun abu daban, tallata shi daban. Andy bai ci ribar abin da ya yi ba, sai da ya koma titi yana tsince-tsince cikin shara. Inda maganar malamai take da ƙarfi shi ne fim ɗin da zai shafe awa biyu yana nuna motoci da benaye da aka samu ta hanyar boka, sannan ya kawo sakayya cikin minti biyar na ƙarshe. Yaron da yake zaune ba aiki a Nyanya ko Karmo motocin zai riƙe, ba minti biyar ɗin ba. Ballantana yanzu da ake yanko wurin shagalin kawai a watsa, a bar wurin nadamar.

Kashi na uku suna cewa gwamnati ta hana gaba ɗaya a huta. Wannan kira ya taɓa kaiwa Majalisar Wakilai a Fabrairun 2022, lokacin da kashe-kashen tsafi suka tayar da hankalin ƙasa, majalisar ta nemi hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sa ido. A Mayun 2024 shugaban hukumar, Dakta Shaibu Husseini, ya sanar da sabuwar ƙa'ida da ta hana ƙawata tsafin kuɗi, kisan tsafi da shan taba a finafinai da bidiyon waƙa, bayan amincewar minista Hannatu Musawa. Da masu fim suka yi ca, hukumar ta yi bayanin cewa ƙawatawar ce aka hana, ba wai kada labari ya taɓo batun ba. Mun yaba da wannan bambancewa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: hedikwatar hukumar tana nan Abuja tare da mu, duk da haka hannunta ba ya kaiwa cikin wayar da ke ƙarƙashin matashin kan ɗanka da ƙarfe ɗayan dare.

Ga tambayar da muke ganin an tsallake. Idan fim ya ƙare, an kunna fitila, wa mai kallo zai fita yana zargi?

A Living in Bondage, mai laifin shi ne mai kwaɗayi, kuma tsoron da ake fita da shi tsoron son zuciya ne. Kwatanta shi da End of the Wicked na 1999, wanda kamfanin mai wa'azi Helen Ukpabio ya shirya. Shi ma ba a kashe masa wani abin kirki ba, amma ya nuna ƙananan yara a matsayin mayu masu tashi da dare suna cin naman mutane. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna danganta shi da yaɗuwar zargin yara da maita a yankin Akwa Ibom da Kuros Riba, zargin da ita ta musanta. Abin da ba a musu a kai shi ne an kori yara daga gidajen iyayensu, an azabtar da wasu, har tashar Channel 4 ta Ingila ta yi shiri a kai a 2008, jihar Akwa Ibom kuma ta yi dokar hukunta mai laƙaba wa yaro maita. Finafinai biyu, duka masu arha, duka na tsafi, amma ɗaya ya nuna yatsa ga zuciyar mai kallo, ɗaya ya nuna ga marar ƙarfi.

Kada wani ya ce ai kowa ya san fim fim ne. Kanayo O. Kanayo, wanda ya fito a matsayin attajirin ƙungiyar asiri a fim ɗin 1992, har ya zama lauya a 2020, amma har gobe ana tsokanarsa da maganar tsafi a intanet. Shi babban mutum ne, yana iya mayar da abin raha. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi ba ta da wannan gatan.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A finafinanmu na Hausa da gajerun bidiyon da yara ke ɗorawa a YouTube, sau nawa mayyar ta zama tsohuwa marar haƙori? Sau nawa mai zuwa wurin boka ta zama kishiya ko uwar miji? Sau nawa aka nuna mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali a matsayin wanda aljanu suka shiga, ba a ko ambaci asibiti ba? A gari irin Abuja, inda Bahaushe da Bagbagyi da Tibi da Ibo suke haya a gida ɗaya, kowa da al'adar da maƙwabcinsa bai saba gani ba, zargi ba ya wuyar kamawa. Yaro ya yi zazzaɓi ya suma, sai a tuna cewa jiya matar ɗakin can ta ba shi alewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin waɗannan finafinai suna ƙara faɗin tsagar. Ya kamata kowa ya sani cewa kundin Penal Code da ake aiki da shi a Abuja da jihohin Arewa ya sa zargin mutum da maita cikin laifuffukan da ake hukuntawa.

Don haka muna kira ga 'yan uwa da abubuwa huɗu. Iyaye su duba alamar shekaru da hukumar tace finafinai ke sawa, fim mai lamba 18 ba na zaman falo da yara ba ne. Idan yaro ya riga ya kalla, a zauna da shi a tambaye shi wa ya ga ya yi laifi a labarin, a gyara masa fahimta. Wanda ya faɗi yana kumfa ko ya fara sambatu, a yi masa addu'a kuma a kai shi Babban Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ɗaya ba ya hana ɗaya. Matasanmu masu ɗaukar fim da waya kuma, kada dariyar mutane ta karya musu gwiwa. Bikin finafinai na Zuma a nan garin ake yin sa, ƙofa a buɗe take. Muna da kukoki da tsamiya, da tsofaffin rijiyoyi, da labaran fatalwa da ba a taɓa ɗauka ba. Ku tsorata mu yadda kuke so, amma kada ku sa mu fito muna harara ga tsohuwar unguwa.

Mai ra'ayi daban, fili nasa ne, a yi cikin mutunci. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin abin da muke gani da wanda ba ma gani, Ya kuma tsare bayinsa daga sharrin harsunanmu. Amin.