Bayan Kwatarkwashi: Rawanin Da Nasara Ya Naɗa

Duk ɗan uwan da ya taso daga Tsafe zai shiga Gusau sai ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu. Samarin Sabon Gari da yawa sun san a wannan yanki ne Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a hannun sojan Ingila cikin Fabrairun 1903. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne makomar waɗanda suka rayu bayan an ci su da yaƙi, alhali jarabawarsu ta fi tsawo.

'Ya'yan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi su uku ne suka rabu a kan hanyar komowa daga Sakkwato, bayan labari ya iske su cewa Nasara ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sarki Alu ya bar rundunar da dare, aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja daga. Wambai Abbas kuwa ya kwaso sauran jama'a ya koma Kano, Lugga ya naɗa shi Sarki.

Akan ji matasa cikin zafin rai suna yanke wa Abbas hukunci da kalma guda. A yi hattara. Mutumin nan ba rago ba ne, ya ga yaƙin Basasa da idonsa, kuma bayansa akwai mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su da inda za su. A zamaninsa alƙalai sun ci gaba da zama, ba a kafa mishan a cikin birni ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya musa bai yi adalci ba.

Amma fa a duba abin da aka biya. Ikon yaƙi ya tafi. Haraji ya zama na Razdan, Sarki mai tarawa ne. Aka watsa hakimai gundumomi, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa Sarki albashi. Nasara ba don ƙauna ya bar rawanin ba. Turawan 'yan kaɗan ne, suna bukatar bakin da talaka ya saba ji.

Wannan dabara ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi ta ba. A Amurka akwai wani jarumi na ƙabilar Komanci, 'yan asalin ƙasar, mai suna Quanah Parker. Ya yaƙi fararen fata har aka karkashe ɓaunar da mutanensa ke rayuwa a kanta, yunwa ta sa ya miƙa wuya a 1875. Aka killace su a wani yanki na Oklahoma. Gwamnati ta naɗa shi shugaban Komanci baki ɗaya, sarautar da ƙabilar ba ta taɓa sani ba. Ya tara shanu, ya gina katafaren gida, ya yi alƙalanci a kotun gwamnati, ya ba da hayar makiyaya ga masu shanun Texas, kuɗin na shiga hannun mutanensa. Ya ƙi aske kitsonsa, ya ƙi sakin matansa duk da matsin da aka yi masa. A 1905 har hawa ya yi a bikin rantsar da Shugaba Roosevelt. To, ina ƙasar? Tun 1901 aka yanka wa kowane mutum eka 160, sauran aka buɗe wa baƙi. Ya je Washington ya yi roƙo, ba a fasa ba. Ya rasu a 1911.

Su biyun sun tsare abin da mai nasara bai damu ya karɓe ba, sun rasa abin da ya zo nema. Sai dai Abbas ya fi Quanah sa'a ta fuska ɗaya: ba a kawo Turawa manoma an zaunar a gonakin Kano ba, gyaɗa da haraji ake so, ba filin ba. Bayan Quanah gwamnati ba ta sake naɗa wani a gurbinsa ba. Abbas kuwa ya rasu a 1919, kuma tun daga 1926 duk wanda ya hau gadon Dabo daga tsatsonsa ya fito.