Baturen Tukwane na Suleja da Masu Koya Mana Sana'a a Diffa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Diffa ko Geskeru ya san naira na yawo a hannun mutane kamar sefa. Amma kaɗan ne suka taɓa juya takardar naira 20 su dubi matar da ke bayanta tana gina tulu. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, kuma labarinta ba ya cika sai an ambaci wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew. Ina ganin labarinsa ya shafe mu a kwarin Komadugu fiye da yadda muke zato.

An haifi Cardew a 1901, ya yi karatu a Oxford, amma ya zaɓi yumɓu. Ya koyi ginin tukwane a wurin Bernard Leach, ya yi aiki a Gana daga 1942, sannan a 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in kula da sana'ar tukwane. Ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu, itace da ruwa, daga ƙarshe ya zaɓi Abuja. Ba Abujar yau ba, tsohuwar masarautar Hausawan Zazzau da yanzu ake kira Suleja. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin tulunan Ladi, kuma a 1954 ta shiga cibiyarsa, ita ce mace ta farko.

Abin da aka turo shi yi a fili yake. Ya koya wa samari gini a kan faifan juyi, ya gasa kaya a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, ya shafe su da ruwan ƙyalli, domin 'yan ƙasa su samu kwano da kofi na gida. Nan ne gizo ke saƙar. Talakan Kano ko Sakkwato bai saya ba, domin kwanon samira ya fi araha kuma ba ya fashewa. Masu sayen kayan Abuja galibi Turawa ne da manyan ma'aikata. Rassan da aka buɗe a Kano da Sakkwato ba su yi tsawon rai ba.

Abin da ya ɗaga sunan cibiyar a duniya ba faifan Bature ba ne. Tulun da Ladi ke ginawa da hannu ne, yadda ta koya tun tana yarinya, da zanen kunama, ƙadangare, hawainiya da kifi a jikinsa. Shi aka kai Landan a 1958 mutane suka yi ta rububi. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. A yi wa Cardew adalci: ya gane darajar ginin gargajiya tun da wuri, bai hana ta ba, ya kuma zagaya da ita Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a.

Sai dai ku lura da abin da ya faru da tulun kansa. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo. Danshin da ke fita ta jikinta yana tafiya da zafi. Da aka shafe ta da ƙyalli aka gasa ta ta yi tauri kamar dutse, ƙofofin nan suka toshe, ta kuma yi nauyi. Ta yi kyau ƙwarai, amma ta daina zama tulun ruwa. Ta bar tsakar gida ta koma falo da gidan tarihi. 'Yan'uwanmu da ke Ingila za su iya ganin irinta a bayan gilashi, mu a nan sai jarkar roba mai dafa ruwa da rana.

Tun da rikicin Boko Haram ya ƙetaro Komadugu a 2015, dubban iyalai suka bar gonakin tattasai suka koma bakin kwalta. Ƙungiyoyin agaji sun zo da horo iri-iri, ɗinki, haɗa sabulu da sauransu, kuma ba na raina taimakon. Tambayata ita ce wadda ta kayar da shirin Abuja: wa zai saya? In an yaye mata ɗari masu ɗinki a sansani guda, rigar wa za su ɗinka? Kafin a sauke kekuna, ya kamata a fara zagayawa kamar yadda Cardew ya yi a 1950, a tambayi abin da mutane suka riga suka iya, a kuma tambayi abin da maƙwabcinsu ke buƙata kullum. A yankin da zafin bazara ke wuce digiri 40 kuma wutar lantarki sai a hankali, ruwa mai sanyi ba abin ado ba ne. Maginan Mirriya a Damagaram har yau da randa suke ci.

Cardew ya bar Abuja a 1965, ya rasu a Ingila a 1983. Ladi ta bi shi a 1984. Cibiyar ta Suleja yanzu sunanta take ɗauke da shi, ba nasa ba.