La'adar cinikin da anka fasa: wa ya kamata shi biya?

Tun ranar da munka buɗe layi bisa zancen albasa salularmu ba ta huta ba. Lokacin shiri bai ishe mu ba, shi ya sa munka ce bari mu kawo maganar nan bisa shafi, kowa shi karanta a tsanake, har 'yan uwanmu da ke Abijan da Akara da Legas.

Ga abin da ya tada ƙurar. Wani manomi daga wajen Tamaske ya kira mu, muryarshi na rawa. Albasarshi na cikin garka, saura sati biyu a cire, dillali ya zo mishi da baƙo. Anka yi ciniki buhu 100, anka aje kafin alƙalami jikka 200. Nan take dillali ya cire la'adarshi, dala 100 bisa kowane buhu, ke nan jikka 50, ya miƙa ma manomi jikka 150. Bawan Allah ya cire albasa, ya biya masu yankan ganye. Masaya biyu sunka zo, ya ce musu an sayar. Ana jibi mota za ta zo sai dillali ya kira: wai kasuwa ta faɗi a Gana, buhu 60 mai kuɗɗi zai ɗauka, kuma a rage mishi. Bayan kwana uku ya fasa gaba ɗaya. Anka ce manomi shi maido kafin alƙalami, jikka 200 cif. Da ya tambayi jikka 50 da ba su taɓa shiga aljihunshi ba, sai dillali ya ce shi ya yi wahala, la'ada ba ta komawa. Da wani masayi ya samu daga baya, ta hannun wanga dillali dai ya biyo, anka sake cire wata la'ada. La'ada biyu bisa albasa guda!

Kada wani ya ce muna gaba da dillalai. Wanda ya san kasuwar Tawa ko ta Badagishiri ya san in babu su baƙo bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Su ka sauke baƙo, su ka tsaya mishi, su ka bin bashi in an ɗauki kaya ba a cika kuɗɗi ba. Guminsu halak ne. Amma tun kakanni la'ada ladan cinikin da ya faɗa ce: kaya sun tashi, kuɗɗi sun shiga hannu. Cinikin da ya mutu a hanya, wace la'ada gare shi? In ma akwai kuɗɗin wahala, kuɗɗin esansi da na kiran waya, mi ya sa za a ɗora su bisa wanda bai fasa ba?

Albasa fa ba hatsi ba ce da za ka zuba rumbu ka manta. Daga ranar da ta fito ƙasa ta fara ragewa, zafin watan 3 da na 4 shina shanye ta, wadda ta ji ciwo ta ruɓe ta shafi 'yan uwanta. Lokacin ne kuma kowa ke cirewa, daga Galmi har Tabalak, farashi shina ƙasa. Wanda bai da rudu, ko shina da bashin taki da na inji bisa kai, ba shi iya jira. Kwana goma da anka riƙe mutum da alkawali asara ce ta gaske, ko da ba a rubuta ta ko'ina ba.

Abin da mai kuɗɗin nan ya samu shina da suna a manyan kasuwannin duniya, cinikin zaɓi. Mutum shi biya wani kuɗɗi don a riƙe mishi farashi har zuwa rana kaza. In kasuwa ta yi mishi kyau shi saya, in ba ta yi ba shi janye. Amma kuɗɗin da ya biya sun tafi ke nan, na wanda ya jira shi ne. Dillalan can kuma tsarin kamishonsu a rubuce yake tun kafin ka ba da oda, kuma galibi sai odar ta cika ake cire shi. Ko kasuwar hannun jari ta ƙasashen UEMOA da ke Abijan, BRVM, kamfanonin dillancinta ba su yanka kamisho da ka, akwai hukuma bisa kansu. Mu nan Adar mai kuɗɗi shina samun wanga zaɓi kyauta, dillali shi ci a shiga shi ci a fita, manomi shi biya ma kowa.

Kuma kada a ɗauka albasa ƙaramin abu ce ga masu wasa da farashi. A Amurka, a shekarar 1955, wasu 'yan kasuwa biyu, Vincent Kosuga da Sam Siegel, sunka tattare albasar kasuwar Shikago, sannan sunka sako ta gaba ɗaya bayan sun yi cinikin da za su ci riba in farashi ya faɗi. A watan 3 na 1956 buhu mai kilo wajen 23 ya koma santi 10, bai kai kuɗɗin buhun da babu komi ciki ba. Manoma sunka yi ta kuka har majalisarsu ta yi doka a 1958 ta hana irin wanga cinikin gaba bisa albasa, kuma dokar na nan har yau. Su da ke da alƙalai da takardu sai da sunka sa ma abin linzami, balle mu da ciniki ke ƙarewa da musafaha ƙarƙashin bedi.

Mun san abin da wasu za su ce, don wani dattijo ya faɗa muna shi a layi: a mazhabar Malikiyya ba a cin kafin alƙalami in ciniki ya watse. Gaskiya ne, zancen na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Hambaliyya sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yarda da shi a 1993 in an yanke lokacin jira. Wannan fagen malamai ne, ba mu shiga. Tambayarmu dai ita ce: in haramun ne manomi shi riƙe kuɗɗin mai fasawa, ƙaƙa ya zama halak dillali shi riƙe na manomi? Kuma fiƙihun da ya ce a maido kafin alƙalami shi ne ya ce ciniki in ya ƙullu ya ƙullu, ba a warware shi sai da yardar ɗayan. Ba a ɗaukar rabin hukunci a bar rabi.

Mu ma manoma da namu laifi, sai mu faɗa. Akwai wanda zai karɓi kuɗɗin mutum, da ya ji buhu ya ƙara jikka 2 a Tsarnawa sai shi ce ɗanshi bai yarda ba. Wanga ma cin amana ne, kuma shi ya kamata shi biya wahalar dillali ranar. Haka nan akwai fasawa ta dole. Wa ya manta 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya da ta Benin, motoci sunka tsaya da kaya? Irin wannan kowa ya san babu mai laifi, sai a zauna a raba asara. Amma "kasuwa ta faɗi a Akara" ba annoba ba ce. Wanda ya shiga fatauci ya san da faɗuwa, in ta hau ai ba shi dawowa shi ƙara ma manomi ko dala.

Abin da muke nema bai da tsada. Akwai kontuwar na albasa a Tsarnawa da Madawa da Tamaske, akwai ƙungiyar ANFO, akwai hukumomin gari da ke karɓar haraji bisa kowane buhu, akwai sarakunan dillalai. Su zauna su fiddo 'yar takarda guda, da Hausa, boko da ajami, wadda za a cika gaban shaidu biyu ranar ciniki: buhu nawa, nawa, wace rana mota ka zuwa, in an fasa ko an rage wa ka ɗaukar mi. La'ada kuma a daina cire ta daga kafin alƙalami, a biya ta ranar lodi, bisa buhun da ya hau mota. Wanda ya ce takarda rashin yarda ce, mu tuna mishi ko kuɗɗi za ka aika ma tsohuwarka sai an ba ka resi.

Mun aika ma dillalai uku gayyata, guda ya amsa, biyu sun ce za su yi shawara. Ranar Lahadi bayan sallar isha'i za mu sake buɗe layi. Masu kiwo da sunka rubuto muna cewa haka ake yi musu da ragunan layya, mun gani, ku ma ku kira. Wanda irin haka ta faɗa mishi shi rubuta muna nan ƙasa, garinsu da yawan buhu sun isa, kada a sa sunan kowa.